Yaran Koriya ta Kudu da kuɗi: wa ke koya musu?

Ɗan Zazzau a Daejeon:
Assalamu alaikum. Shekarata uku ke nan ina karatu a nan. Shekaranjiya ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara 16, ya buɗe wayarsa ya nuna min hannun jarin Samsung Electronics da mahaifiyarsa ta saya masa. Da kuɗin sebaetdon ta saya, wato abin da manya ke ba yara ranar bikin Seollal na sabuwar shekararsu bayan sun durƙusa sun yi gaisuwa, kamar barka da sallarmu. Farashin ranar a bakinsa yake. Amma da na ce masa, in ka ci bashin won (kuɗin Koriya ta Kudu) 100,000 da ruwa kashi 10 cikin ɗari duk shekara, ruwan kuma na hawa kan ruwa, nawa za a bi ka bayan shekara biyu, sai ya yi ta kallon rufi. Abin ya tsaya min a rai. Gida ne ke koya musu ko makaranta?

Maman Hanifa, Seoul:
Wa alaikumus salam ƙanena. Makaranta ina ta ga fili? Komai nasu Suneung ne, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba. Yaro ya tashi daga aji ya wuce hagwon, makarantun lesin, a nan Seoul har ƙarfe 10 na dare. Darasin tattalin arziki na zaɓi ne a jarrabawar, kuma ƙalilan ke ɗauka don gudun kada makinsu ya faɗi.

Baffan Yara:
Ku duba iyayen tukuna. Waɗanda ke da matasa yanzu, da yawansu suna samari aka yi durƙushewar 1997, lokacin da ƙasar ta nemi ceton IMF, asusun ba da lamuni na duniya. Sun ga ubanninsu sun rasa aiki, sun ga mata a layi a 1998 suna miƙa zoben zinare don a biya bashin ƙasa. Wanda ya ga wannan ba zai bar ɗansa hannu rabbana ba. Sai dai abin da ya sani shi zai koyar: tara, saya, riƙe. Gidan da ba a zancen kuɗi a kan tabarmar cin abinci kuwa, yaron haka zai tashi.

Maman Hanifa, Seoul:
Gaskiya ne Baffa, amma ni wayar ce ke hana ni barci. A 2020 bankin intanet na KakaoBank ya fito da asusun mini na 'yan shekara 14 zuwa 18, a lokacin ba ya ɗaukar fiye da won 500,000. Yaro na kashe kuɗin da bai taɓa ƙirgawa da hannu ba. Ga masu daeri ipgeum, wato masu ba da ƙaramin rance a kafafen sada zumunta, su ranta wa yarinya abin da bai kai won 100,000 ba ta sayi tikitin mawaƙa, cikin mako guda su ɗora ladan wahala da tarar latti, in ta gaza su fara kiran iyayenta da ƙawayenta.

Ɗan Zazzau a Daejeon:
Na gode Yaya, na gode Baffa. Ranar Asabar zan zauna da yaron da takarda da biro mu fitar da amsar lissafin bashin, won 121,000, tare, sannan in tambaye shi ko an taɓa yi masa tayin irin wannan rancen.