Yaya darakta zai raya zaman UP (rukunin malaman da ke koyar da darasi ɗaya) ba tare da ya kashe bakin malamai ba?

Assalamu alaikum malamai, musamman daraktocin Tahoua. Ga wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

CEG ce, wato ƙaramar sakandare, mai malaman lissafi biyar, uku ƴan kwantiragi, azuzuwa daga 6e (ajin farko) zuwa 3e (ajin ƙarshe). A takarda akwai UP ta lissafi, har da shugabanta, amma ba a zama. Dalilin farko jadawali ne: an tsara shi bisa ɗakunan da ke akwai, sai aka tarar babu ko awa guda da malaman biyar ke hutu tare. In aka kai zaman Asabar, ƴan kwantiragi ba sa zuwa, kuma ba a ga laifinsu ba, suna koyarwa a makarantun kuɗi don cike giɓi.

Na biyu ya fi wuya. Duk ranar da darakta ya shigo da takardar sa hannu, bakin kowa ya mutu. Wa zai ce "babin nan ya gagare ni" a gaban mai rubuta masa rahoto? In bai shigo ba, zaman ya koma hira da shayi. Yanzu 3e A ta wuce 3e B da babi biyu, jarrabawar bai ɗaya ba ta yiwuwa, ga BEPC, jarrabawar kammala CEG, na tafe.

To, a rushe jadawalin yanzu a keɓe awa biyu, ko a jira Oktoba, farkon sabuwar shekarar karatu? Kuma darakta ya riƙa zama ciki, ko rahoton shugaban UP ya wadatar? In rahoto ne, me za a rubuta ciki banda sunayen mahalarta?