Kwasar adashina ta zo, bashi ya fi ta yawa: ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni malamar firamare ce a Kano, maigidana kuma yana tuƙa adaidaita sahu na wani, kullum sai ya kai balas kafin ya ga nasa. Yaranmu uku. A Janairun bara na sayi littafi mai shafi arba'in, na ce duk abin da ya shigo da wanda ya fita sai na rubuta. Na kuma sa kafinta ya yi min asusu na katako, da niyyar jefa 500 kullum, wato 182,500 a shekara. Jiya bayan isha'i na zauna da littafin, na sa guduma na ɓalle asusun. 41,000 na ƙirga. Sau biyu na buɗe shi a cikin shekarar, kuma rubutun littafin ya tsaya tun watan Yuli, watan da aka yi min aiki na haifi auta.

Ga abin da ake bina. Yayar maigida 150,000, ita ta biya kuɗin aikin, har yau ba ta buɗe baki ta tambaya ba. Mai shagon layinmu 38,000 na cefane. Sai wata manhajar bashi ta waya da na ci 50,000 a Nuwamba, yanzu ta koma 65,000, kuma maigida bai san da ita ba. Kuɗin makarantar yara biyu na zango na biyu 45,000. Haya za ta ƙare a Afrilu.

Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, mu 12 ne muna zubin 20,000, ni ce ta ƙarshe, 240,000. Azumi kuma ya kusa. Zuciyata ɗaya tana cewa in kai wa Yaya kuɗinta cif in huta da kunya, ɗaya tana cewa in sayi hatsi in ajiye. Uwar adashi ma ta ce in faɗa mata ko zan sake shiga. Ku ba ni shawara don Allah, bana ba na so Disamba ta same ni kamar haka.

Amsoshin 'yan zaure

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ranar da kuɗin suka shiga hannunki, kafin ki sayi ko gishiri, ki kashe bashin manhajar nan. Duk cikin basussukanki shi kaɗai ne yake girma kina barci. Na taɓa faɗa wa irinsa, sati biyu na makara, sai ga saƙo ya je wa ƙanwar mahaifiyata da shugabar sashenmu wai ni maƙaryaciya ce mai cin kuɗin mutane. Lambobin wayata suka kwasa, don ni da hannuna na danna musu izini lokacin saukewa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta hana wannan tozarcin kuma tana karɓar ƙorafi, amma kafin a bi miki haƙƙi maganar ta riga ta zaga dangi. Idan kin biya ki ajiye shaidar biyan, ki goge manhajar. Za su dinga turo miki cewa an ƙara miki adadin da za ki iya ci, kar ki ko buɗe.

Wani malamin Islamiyya:
Malama, Allah ya yaye. Bashi mai ruwa ki tuba daga gare shi ki rabu da shi. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne bashin yayar mijinki. Shirunta ba yafiya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, cewa a rubuta shi a sa masa lokaci. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ba lallai ki biya ta duka a rana ɗaya ba. Ku je ke da maigida, ku kai abin da ya samu, ku faɗa mata ranar da za ku cika, ku rubuta.

Wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari:
Ni fa ban ga dalilin jan rai ba. Ki ba Yaya 150 ɗinta, ki biya manhaja, magana ta ƙare. Mutunci a gidan miji ya fi buhun gero.

Wata akanta mai ritaya:
Hajiya mai atamfa, in ta yi haka saura 66,000 ko da an haɗa da na asusu, ga mai shago ga makaranta, 83,000. Sati ɗaya za ta sake komawa neman rance.

'Yata, zo mu yi lissafin tare. Kwasa da asusu 281,000. Cire manhaja 65,000, mai shago 38,000, makaranta 45,000, saura 133,000. Mai shagon nan kar ki raina shi don kuɗinsa kaɗan ne. Jarinsa ne, kuma shi ne zai ba ki taliya da mai ranar 25 ga wata idan albashi bai shigo ba. A cikin sauran ki kai wa Yaya 70,000, ki riƙe 63,000 na abincin azumi. Saura 80,000 ke nan take binki.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Ki ce wa uwar adashi wannan zagayen a yi ba ke. 20,000 ɗin da kika saba fitarwa duk wata, jikinki ya riga ya saba da rashinta, to ki mayar da Yaya uwar adashinki. Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, kin gama. Daga Yuni kuɗin ya zama naki. Adashi yana da kyau, ni ma da shi na sayi filina, amma dubi abin da ya same ki bara: wata goma sha biyu kina zuba wa wasu kuɗi ba ko sisi a kai, ke kuma kika je kika ci 50,000 da ruwan 15,000. Wanda ake bi bashi bai kamata ya zama na ƙarshen kwasa ba.

Batun littafi kuma, na san abin da ya kashe shi. Kina rubuta magi na 100, barkono na 200, ga jego ga aiki, dole ki gaji. Shekara 31 na yi ina riƙe littafin kuɗi, a gidana layi biyar kawai nake cikewa duk Juma'a da yamma: abinci, makaranta, lafiya, zirga-zirga da kati, sai hidimar mutane. A shafin ƙarshe ki rubuta sunan kowane bashi, duk abin da kika biya ki ja layi ki sa sabon adadi. Ganin 253,000 tana sauka zuwa 80,000, sannan 60,000, shi zai riƙe ki.

Wani mai awo a Dawanau:
Ƙanwata, ki sayi na ci, kar ki sayi na jiran riba. Mutane da yawa sun ga yadda hatsi ya yi tsada a 2024, suka zuba kuɗinsu a masara lokacin kaka, 2025 ta zo farashi ya sauko, wasu ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Ki ƙirga kwano nawa na gero kuke sha a wata, ki ƙara na kunu da na sadaka. Wake kuma in za ki ajiye, ki zuba a jarka mai murfi ki cika ta har wuya ki toshe, ƙwari ba sa rayuwa in ba iska. Sukari da mai ki saya yanzu, kar ki bari sai an ga wata.

Wata uwar gida daga Katsina:
Kowa ya yi maganar kuɗi, ba wanda ya taɓo ɓoyon. Ki faɗa wa mijinki yau, kafin wani ya faɗa masa. Zai yi faɗa, ki yi shiru ki ba shi haƙuri. Kuma me kika yi da 50,000 ɗin? Ba don in tona ki ba, sai don in kin gano ƙofar da kuɗin ya bi za ki iya rufe ta.

Mai neman shawara:
Anti, anko biyu ne da gudummawar bikin ƙanwata. Na ji kunyar a ce babbar yaya ba ta kawo komai ba.

Uwar gida daga Katsina:
Na yi zaton haka. Shi ne layin da Hajiya akanta ta kira hidimar mutane, kuma shi ne yake cinye mu mata. Ki yanka masa abin da ba zai wuce ba a wata, ko 5,000 ne. In ya ƙare, ki je biki da kayanki na cikin akwati, ki kama musu aiki a kicin. Sallah ƙarama za ta zo a Maris, tun yanzu ku zauna da shi ku yanke kala nawa za a ɗinka wa kowane yaro.

Wani ma'aikacin banki:
Ƙari kaɗan. Asusun katako yana kusa da hannu da yawa. Daga Yuni ki buɗe wani asusun daban a banki wanda ba ki karɓi katinsa ba, in kina gudun ruwa akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, Jaiz da TAJ da Lotus. Tun 2024 hukumar da ke kare ajiyar mutane a bankuna, NDIC, ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna. Duk wanda ya ce ki kawo ya ninka miki, ki tuna yadda MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025 suka tafi da kuɗin mutane. Hayar Afrilu kuma ta maigida ce, ya dinga ware wani abu kullum bayan ya kai balas, ba sai ta zo wuya ba.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in ɗauko littafin. Ashe shi ma mai gyaran mashin yana binsa 22,000, mun ƙara a shafin ƙarshe. Na hayar ya tara 90,000, ya ce zai dinga ba ni 1,500 kullum in riƙe. Na kira uwar adashi na ce a sa wata a gurbina. Ranar Asabar ta farko bayan kwasa za mu je gidan Yaya da 70,000. Malam, takardar da za mu rubuta mata, shaidu nawa ake bukata, kuma ko maigida zai iya zama ɗaya daga ciki?