Mai gida ya riƙe kuɗin ajiyata bayan na tashi, mene ne haƙƙina?

Ɗan kasuwa daga Agege:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin haya. Na yi shekara 3 a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Agege, kuma a ranar da na kama shi, ban da kuɗin haya da la'adar dillali, na biya naira 150,000 a matsayin kuɗin ajiya, bisa sharaɗin za a mayar mini idan na tashi ban ɓata komai ba. Yau wata 2 ke nan da na miƙa makulli. Mai gidan ya ce kuɗin sun ƙare a fenti da gyaran silin, alhali yoyon rufi ne ya ruɓar da silin ɗin, kuma tun daminar farko na sanar da shi. Abin da ya lalace a hannuna shi ne kan famfon kicin da gilashin taga ɗaya, kuma ban taɓa musun hakan ba. Shin yana da ikon riƙe kuɗin gaba ɗaya?

Ma'aikacin shari'a a Legas:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuɗin ajiya ba haya ba ne, naka ne da aka riƙe saboda ɓarnar da ka jawo, don haka ba a biyan tsufan gini daga cikinsu. Fentin da ya koɗe bayan shekara 3 na zama, lalacewa ce ta yau da kullum wadda ke wuyan mai gida, sai fa idan yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ce za ka yi fenti kafin ka fita, saboda haka ka fara duba ta da kyau. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta shafi Agege, ta wajabta wa mai gida ko wakilinsa ya ba da rasit na daban a kan irin waɗannan kuɗi, ta kuma ba ɗan haya damar samun bayani a rubuce, aƙalla duk wata 6, kan yadda aka kashe su. Ka rubuta masa takarda kana neman wannan lissafi, ka amince a cire kuɗin famfo da gilashi, ka sa masa wa'adin biyan ragowar. Idan ya ƙi, akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jihar da ke zama da mai gida da ɗan haya kyauta, sannan akwai kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2018 a kotunan majistare, inda mutum zai iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba.

Ɗalibin ilimi daga Zariya:

Ko a fiƙihu ma, malamai sun ɗauki ɗan haya a matsayin wanda aka ba amana: ba ya ramuwar abin da ya lalace sai idan ya yi ta'adi ko sakaci. Idan mai gidan Musulmi ne, ina ganin ka fara kai maganar gaban limamin unguwa ko dattawan da yake jin nauyinsu kafin a kai ga kotu.

Malamar makaranta daga Kano:

Yayana, irin wannan ta taɓa samuna, kuma abin da ya cece ni shi ne hotunan da na ɗauka da waya ranar da na shiga gidan, har da tsagewar tayil ɗin bayi da lambar mitar wuta. Da na nuna su a gaban dillalin da ya haɗa mu, sai aka daina maganar tayil ɗin. Ka lalubo saƙon da ka tura masa kan yoyon rufin, domin shi ne hujjarka mafi ƙarfi.

Ɗan kasuwa daga Agege:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba yarjejeniyar, babu maganar fenti a ciki, kuma saƙon yana nan a WhatsApp da kwanan watansa. Rasit ɗin kuwa dillali ne ya sa masa hannu, shi ya sa zan tura masa kwafin takardar shi ma ranar Litinin, in Allah ya yarda.