Wane suna za mu ba wannan hasken na safe da yamma?

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, akwai ɗan lokacin nan da Turawa ke kira "golden hour", wato sa'ad da rana ta leƙo da safe ko ta sunkuya za ta faɗi, haske ya yi laushi, inuwar kuka ta miƙe har tsakiyar gona. Ina so mu tsayar masa da suna.

Na ga wasu suna rubuta "awar zinare". Ni dai ban gamsu ba, don a wajenmu lokacin bai kai awa ba. Kano da Jigawa na wajen digiri 12 ne arewa da layin Ikwaita, shi ya sa rana ke hawa kusan a tsaye, kimanin digiri 15 kowace awa. Da ta ɗaga digiri 6 hasken ya fara komawa fari, abin da bai wuce kamar rabin awa ba bayan fitowarta. Duk wanda ya je fadamar Baturiya ɗaukar hoton tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da rani, yana ganin yana da awa guda a hannu, kafin ya gama saita kamara hantsi ya dubi ludayi.

Wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kawo "la'asar sakaliya". Kalma ce mai daɗi, tamu ce tun kaka da kakanni, sai dai ta yamma ce kaɗai. Safiya fa? "Shafaƙi" kuwa sai rana ta faɗi, "almuru" duhu ya riga ya fara shiga.

Shawarata ita ce "hasken ɗorawa". Idan rana na ƙasa-ƙasa, haskenta na ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ruwan ɗorawa da ja-ja su rage. Launin da ke sauka a kan shinkafar Kadawa da duwatsun Dutse ke nan. Kowa ya san garin ɗorawa, manomi da makiyayi ba sa bukatar bayani. Kuma yana zama a baki: "hasken ɗorawa na safe", "na yamma".

Da hunturu ku yi hattara. Ƙura kan haɗiye rana tun tana sama, don haka hasken ɗorawa na yamma kan zo da wuri ya wuce da wuri. Mutanen Haɗeja da Ringim, in akwai abin da masunta ke kiransa a wajenku, ku faɗa mana kafin mu tsayar da wannan.