Fim ɗin polistirin na yana farfashewa a cikin CO2, ina matsalar take?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina narkar da polistirin (wani nau'in roba) a toluwin (ruwan sinadari mai narkar da shi), in shimfiɗa shi a kan silikon ya zama fim, wato siririyar shimfiɗa, kaurinsa kusan nanomita 30. Silikon ɗin sai na wanke shi da asiton, na busar da naitrojin. Daga nan in sa fim ɗin a tukunyar matsi mai ɗauke da CO2, zafi 36°C, matsi bar 82, wato sama kaɗan da 31.1°C da bar 73.8 inda CO2 ke daina zama ruwa ko iska. Bayan awa biyu in sauke matsi. A maikiroskof ba abin da nake gani sai ramuka da ɗigo-ɗigo. Lokaci ya ƙure mini, don Allah a taimaka.

Injiniya: Kumfa ce. Kana buɗe bawul da gaggawa. Ka riƙa saukewa bar ɗaya a minti.

Dakta: Injiniya, ba kumfa ba ce. A fim mai nanomita 30, CO2 yakan fice kafin kumfa ta haɗu. Duba bakin ramukan, in ya tattaru ya yi tudu, fim ɗin ne ya janye jiki daga silikon. Polistirin sai wajen 100°C yake laushi, amma CO2 na saukar da wannan ma'aunin, kuma zafi da matsin da ka zaɓa nan ne siraran fina-finai suka fi kumbura. Ga shi polistirin ba ya kama oksaid ɗin silikon, wato ɓawon da ke samansa, sosai. Nawa ne nauyin ƙwayarsa? Ka gasa shi?

Mai tambaya: 10,000 ne, Dakta. Ban gasa ba, ai toluwin yana bushewa da kansa.

Dakta: Ba ya fita duka. Kuma ƙasa da wajen 35,000 sarƙoƙin ƙwayoyin polistirin ba sa sarƙewa da juna, don haka fim ɗin ke saurin janyewa. Nemi na sama da 100,000, ka gasa a 130°C cikin tanda marar iska. Ko ka koma PMMA, wani nau'in roba daban, shi yana riƙe oksaid.

Malama: Ku duba zoben robar da ke toshe tukunyar ma. Zoben robar Viton na shan CO2, ya kumbura, ya tsage wajen sauke matsi. A sa na PTFE, wato Teflon.

Mai tambaya: Zobena lafiya lau, Malama. PMMA kuwa ba shi aka ba ni ba, kuma na 10,000 ne kawai a hannu.

Injiniya: To gwada saukewa a hankali tukuna.