Wai da gaske karas na sa mutum ya gani a duhu kamar mage?

Abba: Jama'a na ga wani bidiyo wai a yaƙin duniya na biyu akwai matuƙin jirgin Ingila da ke kakkaɓo jiragen Jamus cikin dare saboda yawan cin karas, ni dai daga yau na kama karas

Anti Zainab: Kai Abba tsohuwar farfaganda ce fa. John Cunningham sunansa, har mai idon mage suke ce masa, amma tun a 1940 na'urar rada (radar) ce a cikin jirginsa take nuna masa inda abokan gaba suke, gwamnatinsu ba ta so a gane suna da ita sai aka ɗora wa karas, dama ana ƙarancin abinci ga karas ya yi musu yawa suna so a ci

Abba: To Anti ai ko a asibiti ana cewa yana gyara ido

Malam Sani: Yana gyara na mai dundumi, wato wanda bitamin A ya yi masa ƙaranci har da magariba ta yi ya fara laluben bango. Shi hanta da manja da zogale da karas ɗin za su dawo masa da ganinsa. Kai da idonka lafiya lau ko buhu ka cinye ba abin da zai ƙaru. Mage akwai wani shafi a bayan idonta da ke mayar da haske, shi ke sa idonta ƙyalli idan ka haske ta da tocila, ɗan adam ba shi da shi kwata-kwata

Baba Iro: Ku dai 'yan boko. Maharba da Fulanin daji fa, da ke tafiya ba wata ba fitila?

Malam Sani: Baba sabo ne da haƙuri. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, su ba sa duba waya, mu kuwa ana ɗauke wuta mun dallare ido da ita, shi kenan an koma farko. Ku gwada daren nan, ƙaramin tauraron da ya ɓace in kun kalle shi kai tsaye, ku ɗan kauda ido gefe zai fito, don ƙwayoyin ganin dare ba sa tsakiyar ido

Baba Iro: Sabon na yarda, amma wani ya fi wani, na yi farauta da wanda ke hango zomo mu muna ganin ciyawa

Anti Zainab: Wannan kam ba musu Baba, shekaru ma na rage shi, amma a tambayi mutumin ko ya taɓa sayen karas 😂

Abba: Na ɗari biyar na riga na saya wallahi