Abin da aka tattauna kan doguwar mota mai ɗakin kwana a Turai

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan tuƙa irin wannan mota, ajiye ta da kwana a cikinta:

1. Baki ya zo ɗaya kan lasisi. Na rukunin B, wato na ƙananan motoci, ya tsaya a tan 3.5, in nauyin ya wuce sai na rukunin C1, na motocin da suka fi nauyi. A auna motar bayan an cika ruwa da kaya.

2. Wahalar tuƙi tana wutsiya. Motar da ta kai mita 8, in ka sha kwana bayanta na sharo gefe. A sa wani ya sauka ya duba in za a yi baya, ko da akwai kyamara.

3. Fakin: a ajiye ta bayan gari, a shiga da bas ko keke. Filaye da yawa a Faransa suna da shingen sama da ke tare motar da rufinta ya yi sama sosai.

4. Kwana a daji, nan aka rabu. Wasu sun ce a iso da yamma, a tashi da sassafe, ba fitar da kujera. Wasu sun ce doguwar mota ba ta ɓuya. A Jamus an yarda direba ya kwana ɗaya don ya huta, Holan kuwa ta hana. 'Yancin da dokar Sikotilan ta ba mutane na yada zango a daji bai haɗa da motoci ba.

Ni dai na fi damuwa da masu zubar da ruwan bayi a daji, su ke jawo ana rufe wurare.